Yadda Ake Lissafin Kuɗin Shiga a Birtaniya Kafin a Yanka wa Uba Kuɗin Kula da Yara

Wata Asabar da yamma wani ƙanena a zumunci ya zo gidana da wasiƙa a ninke huɗu cikin aljihun rigar sanyinsa. Shekara guda ke nan da rabuwarsu da uwar 'ya'yansa, yaran biyu kuma suna wurinta. Ko shayin da aka kawo masa bai taɓa ba, ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan wata lamba ya ce, "Yaya, dubi nan don Allah. Wai ina samun fam 630 a mako. Wallahi ban taɓa ganin fam 630 ta shigo asusuna a mako ɗaya ba." Gaskiya ya faɗa, kuma waɗanda suka aiko wasiƙar ma ba ƙarya suka yi ba. Shi yana maganar abin da ke shiga hannunsa ne, su kuma suna maganar abin da hukumar haraji ta rubuta a kansa. Yawancin rigimar da nake gani tsakanin mutanenmu a kan wannan batu daga nan take tasowa, shi ya sa na ga ya dace in bi lissafin daki-daki.

Zan riƙa cewa "uba" ga mai biya, "uwa" ga mai karɓa, domin haka abin ya fi zuwa. Amma doka ba ta duba jinsi. Idan yaran suna wurin uba ne, uwa ce za ta biya, da lissafi iri ɗaya.

Mataki na farko: a tabbatar hukumar tana da hurumi

Hukumar da ke wannan aiki sunanta Child Maintenance Service, an fi kiranta CMS. Ta fara aiki da tsarin da ake bi yanzu a 2012, ta gaji tsohuwar hukumar CSA wadda aka buɗe a 1993. Tana shiga magana ne idan yaron bai kai shekara 16 ba, ko bai kai 20 ba amma yana karatu na cikakken lokaci wanda bai kai matakin jami'a ba, kuma uba da uwa da yaron duk mazauna Birtaniya ne. Ba dole ba ne a je wurinta. Iyaye na iya daidaitawa tsakaninsu, kuma in da fahimta hakan ya fi. Kuɗin buɗe fayil na fam 20 da ake biya a da an soke shi a watan Fabrairun 2024.

Abu ɗaya zan gaya wa mata a nan: hukumar ba ta komawa baya zuwa ranar da aure ya mutu. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da ta sanar da uba cewa an shigar da buƙata. Watannin da aka kwashe ana jiran alkawarin baki ba su dawowa.

Mataki na biyu: a nemo lambar da hukumar haraji ke riƙe da ita

Nan ne zuciyar maganar. CMS ba ta fara da tambayar uba nawa yake samu. Kai tsaye take zuwa wurin hukumar haraji ta HMRC ta karɓo abin da ya samu a shekarar haraji ta ƙarshe da aka kammala lissafinta. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Ke nan lambar da za a yi aiki da ita ta bara ce, wani lokaci ma ta bariya, ba ta wannan watan ba.

Kuma lambar ɗungurungum ce, kafin a cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa. Duk abin da wurin aiki ya biya ka aka yi masa haraji yana ciki: albashi, kuɗin ƙarin awoyi, ladan ƙwazo na ƙarshen shekara, kamasho. Mai aiki biyu, misali gidan kula da tsofaffi da rana, gadi a ƙarshen mako, haɗa masa su za a yi. Ribar mai sana'ar kansa tana ciki, haka ma fanshon da mutum ke karɓa daga tsohon wurin aikinsa ko wanda ya tara wa kansa.

Ma'aikaci zai ga tasa lambar a takardar P60, wadda wurin aiki ke bayarwa zuwa ranar 31 ga Mayu kowace shekara. Ita na sa ƙanen nan nawa ya buɗo a wayarsa. An rubuta fam 32,850. Hukumar tana raba kuɗin shekara da 365, sannan ta ninka da 7 don ta samu na mako. Muka danna: 32,850 a raba da 365 ya ba da 90, a ninka da 7 ya zama 630. Ya yi shiru yana kallon wayar, can ya ce, "To ashe daga nan suka samo."

Abu ɗaya tak ake cirewa daga wannan lamba tun farko, wato kuɗin da kake zubawa a asusun fansho. Sai dai a nan akwai wurin lura. A wasu wuraren aiki ana cire kuɗin fansho kafin a yi wa albashi haraji, don haka lambar HMRC ta riga ta zo a rage, babu sauran abin cirewa. A wasu wuraren kuma, da kuma fanshon da mutum ya buɗe wa kansa, bayan haraji ake cirewa, to wannan sai kai ka sanar da CMS ka kai shaida, in ba haka ba za a lissafa maka kuɗin kamar yana aljihunka. Tambayi sashen albashi na wurin aikinka wane tsari suke bi. Tambaya ce ta minti biyu.

Yanzu ga abin da ba a cirewa, kuma shi ne ke ƙona wa maza rai: kuɗin hayar gidanka, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, bashin mota, katin bashi, da kuɗin da kake aikawa gida ga mahaifiya ko ƙanne. Na san nauyin wannan na ƙarshen, domin babu ɗayanmu da wayarsa ba ta ƙara a ƙarshen wata. Amma doka ta sa ɗan da ka haifa a gaban duk waɗannan, kuma ban ga laifinta ba. Addininmu ma a kan uba ya ɗora ciyar da 'ya'ya, mai yalwa gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa gwargwadon abin da ke hannunsa.

Kuɗin uwa ba ya shiga lissafi ko kaɗan, ko da ta fi uban albashi. Na sabon mijinta ma haka, na sabuwar matar uban ma haka. Abin da uwa ta karɓa na yaran kuma ba a yi masa haraji, ba ya rage mata tallafin Universal Credit.

Mataki na uku: a gwada na bara da na bana

Tunda lambar ta bara ce, me zai faru idan abubuwa sun canza? Hukumar tana da ma'auni ɗaya: sai bambancin ya kai kashi 25 cikin ɗari, sama ko ƙasa, sannan za ta ajiye lambar HMRC ta yi aiki da abin da ake samu yanzu. Ga mai fam 630 a mako, sai kuɗinsa ya sauka zuwa fam 472.50 ko ƙasa da haka, ko kuma ya hau zuwa fam 787.50 ko sama. Idan an rage masa awoyi ya koma fam 520, zai ci gaba da biya kamar mai 630 har zuwa bitar da ake yi sau ɗaya a shekara. Wannan yana da zafi ga wanda abin ya faɗa wa. Amma takobin kaifi biyu ne da shi, domin wanda aka ƙara wa girma ya koma fam 750 shi ma ba za a ƙara masa ko kwabo ba sai lokacin bita.

Idan ka rasa aiki ko kuɗinka ya faɗi da kashi 25, kada ka jira. Sanar da su nan take, da takardun albashi na kwanan nan ko takardar sallama daga aiki, domin bashi yana taruwa a kan tsohon lissafi muddin ba a canza shi ba. Wanda kuma aka riga aka mayar kan kuɗin da yake samu yanzu, idan albashinsa ya sake hawa da kashi 25 wajibi ne ya faɗa cikin kwana 14. Ƙin ba da bayani ko ba da na ƙarya laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. Uban da aka rasa bayanin kuɗinsa gaba ɗaya kuwa ana yanka masa wani adadi na wucin gadi, fam 51 a mako idan yara biyu ne, fam 64 idan uku ne ko fiye, har gaskiyar lamba ta fito.

Masu sana'ar kansu

Da yawa daga cikin mutanenmu tasi suke ja, ko kai saƙo da abinci, ko aski, ko ɗan shago. A nan ba cinikin da ya shigo ake dubawa ba, ribar da aka bayyana wa HMRC a takardar Self Assessment, wadda mai sana'a ke cikewa da bayanin kuɗin da ya samu a shekara, ake dubawa, wato bayan an cire kuɗin da sana'ar ta ci kamar mai, inshorar mota, gyara da lasisi. Direban da ya yi cinikin fam 40,000 ya cire 15,000 na hidimar mota, a kan 25,000 za a yi masa lissafi.

Wannan ƙofa ce da wasu ke bi su ɓoye kuɗi, kuma sai in faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Mutum yana hawa mota mai tsada, yana zuwa gida sau biyu a shekara, yana gini, amma a takarda ribarsa fam 9,000 ce. Yana ganin tsohuwar matarsa ya yi wa wayo, alhali kwanon abincin ɗansa ya rage. Ban da hakkin yaro, wannan ƙaramar lambar ita ce za ta bi shi ranar da ya je neman bashin sayen gida, kuma CMS tana da sashen binciken kuɗi da ke iya neman bayani daga bankuna.

Mai kamfani na kansa lamarinsa daban ne kaɗan. Da yawa suna biyan kansu ƙaramin albashi, sauran su ɗauka a matsayin ribar hannun jari. Lissafin farko albashin kawai yake gani. Ribar ba ta shiga sai an nema, zan zo kan yadda ake nema a ƙasa. A ganina wannan gurbi ne a tsarin, domin yana ɗora wa uwa nauyin tono abin da hukumar haraji ta riga ta sani.

Mataki na huɗu: a cire kason yaran da ke gidan uba

Idan uba ya sake aure yana da wasu yara a gidansa, nasa ne ko agololi, matuƙar shi ko matarsa ke karɓar musu tallafin yara na gwamnati, ana rage kuɗin shigarsa kafin a yanka: kashi 11 cikin ɗari ga yaro ɗaya, 14 ga biyu, 16 ga uku ko fiye. Ƙanen nan nawa yana da jariri a sabon gidansa, kuma bai faɗa wa hukumar ba domin bai san yana da amfani ba. Kashi 11 na 630 shi ne fam 69.30, saura 560.70.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce ta 'ya'yan da aka bari a gida, a Kano ko Zariya ko Damagaram. Aika musu kuɗi kowane wata, ko da kana da rasit ɗin kowace aikawa, ba ya sa a ƙirga su kai tsaye. Abin da doka ta amince da shi game da yaron da ke wata ƙasa shi ne umarnin kotu ko na hukumar can da ya wajabta maka ciyar da shi. Mai irin wannan takarda ya gabatar da ita tun farko.

Mataki na biyar: a ɗora kason da ya dace

Yanzu an samu lambar mako, sai a duba rukunin da ta faɗa. Mafi yawan ma'aikata suna tsakanin fam 200 da fam 800 a mako, kuma kasonsu shi ne kashi 12 cikin ɗari ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku ko fiye. A misalinmu, kashi 16 na 560.70 ya kama fam 89.71 a mako. Wasiƙar da ya zo da ita ta ce fam 100.80, domin an yi lissafin ne a kan 630 ba tare da jaririn ba.

Wanda ya haura fam 800, ɗari takwas ɗin farko ana yi musu wancan kason, abin da ya hau kai kuma a yi masa kashi 9, ko 12, ko 15. Likita mai fam 1,000 a mako da yaro ɗaya zai biya 96 a kan 800, da 18 a kan 200 ɗin sama, jimla fam 114. Hukumar tana tsayawa a fam 3,000 a mako. Abin da ya wuce nan sai uwa ta je kotu ta nemi ƙari.

A ƙasa kuma, mai samun sama da fam 100 amma ƙasa da 200 yana biyan fam 7 da wani kaso na abin da ya haura ɗari, wato kashi 17, ko 25, ko 31 idan babu wasu yara a gidansa. Mai fam 150 da yaro ɗaya zai biya fam 15.50. Mai fam 100 ko ƙasa, da wanda ke zaune kan wasu tallafin gwamnati kamar Universal Credit ba tare da albashi ba, fam 7 ne kacal a mako, komai yawan yaran. Wanda bai kai fam 7 ba, ko yana gidan yari, ba ya biyan komai.

Idan uba yana da 'ya'ya a wurin mata biyu da suka rabu, ba a yi wa kowace lissafi daban. Ana haɗa yaran a fitar da kaso ɗaya, sannan a raba bisa yawan yaran kowace.

Mataki na shida: a ƙirga kwanakin da yara ke yi a wurin uba

Dare ake ƙirgawa, ba yini ba. Ko ka ɗauke su da safe ka kai su masallaci da islamiyya da gidan abinci, in ka mayar da su da daddare, a lissafi ba su kwana ba. Daga dare 52 zuwa 103 a shekara ana rage kashi ɗaya bisa bakwai. 104 zuwa 155, biyu bisa bakwai. 156 zuwa 174, uku bisa bakwai. 175 zuwa sama kuma rabi, da ƙarin ragin fam 7 a kan kowane yaro. Yaran ƙanena suna kwana wurinsa duk daren Juma'a, don haka fam 89.71 ta sauka zuwa kimanin fam 76.90.

Na sha ganin an mayar da wannan ƙirga makami, uwa ta tsayar da kwana a 51, uba ya nace sai 104 alhali aikin dare yake yi, yaran suna kwana da talabijin. Yara suna gane lokacin da ake ciniki da su. Ku rubuta tsarin kwanan da za ku iya cikawa da gaske, kowa ya riƙe kwafi, kuma a riƙa yin alama a kalanda.

Mataki na bakwai: neman a duba abin da lissafin farko bai gani ba

Akwai ƙofar neman sauyi, kuma a buɗe take ga ɓangarorin biyu, amma hukumar ba ta buɗe ta da kanta, sai an ƙwanƙwasa.

Uwa na iya nema idan uba yana da kuɗin da ba na gumi ba wanda ya kai fam 2,500 ko fiye a shekara, kamar kuɗin hayar gida, ribar hannun jari, ko kuɗin ruwan ajiya. Tun watan Disambar 2018 kuma ana duba kadara: idan darajarta ta haura fam 31,250, kamar fili ko gida na biyu ko hannun jari ko tsabar kuɗi, ana iya ɗauka cewa tana kawo kashi 8 cikin ɗari a shekara ko da ba ta kawo komai. Kadarar fam 100,000 ke nan za ta ƙara fam 8,000 a kan kuɗin shigarsa. Gidan da yake zaune a ciki da kayan da yake sana'a da su ba sa ciki. Sai kuma karkatar da kuɗi, wato mutum ya sa sunan sabuwar matarsa ko ƙaninsa a jerin ma'aikatan kamfani suna karɓar albashin aikin da ba su yi, ko ya riƙa zuba kuɗi fiye da kima a fansho don lambarsa ta ragu. A nan zargi kawai ba ya isa. Ki kawo abin da za a iya bi: sunan kamfanin, adireshin gidan da ake haya, duk takardar da ke hannunki ta halal.

Uba kuma na iya neman a rage masa saboda wasu hidimomi ƙayyadaddu: kuɗin tafiya don ganin yaran, kuɗin kula da wani ɗansa na gida mai naƙasa ko doguwar jinya, bashin da aka ci tare lokacin aure don amfanin iyali, ɓangaren kwana na kuɗin makarantar kwana, da bashin gidan da uwa da yaran ke ciki idan shi ke biya alhali ba shi da kaso a gidan. Ban da na naƙasa, sai hidimar ta kai fam 10 a mako. Kada a sa rai da yawa, domin daga kuɗin shiga ake cirewa, ba daga abin da ake biya ba. Mai kashe fam 30 a mako a jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham, yara biyu, ragin da zai gani bai wuce fam 4.80 ba.

Idan lambar ba ta yi daidai ba

Wasiƙar hukunci tana nuna shekarar harajin da aka yi amfani da ita, kuɗin mako, yawan yara da yawan kwana. A bi su ɗaya bayan ɗaya da P60 a gefe. Idan an ga kuskure, kwana 30 ake da su daga ranar da ke kan wasiƙar a nemi hukumar ta sake dubawa, sai ta ba da amsa sannan a iya ɗaukaka ƙara gaban kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta cikin wata ɗaya, kuma kyauta ne. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa da cike takardu ba tare da karɓar kuɗi ba.

Ana cikin ƙorafin ma a ci gaba da biya. Uban da ke tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun uwa ba a cajin kowa komai, amma idan ya riƙa saɓawa aka koma tsarin da hukumar ke karɓa da kanta, ana ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, a kuma cire kashi 4 daga abin da zai isa hannun uwa. Fam 76.90 ta zama sama da fam 92 ke nan a kansa, yaran kuma su samu ƙasa da 74. A tura ta banki, a rubuta a jikin turawar cewa kuɗin kula da yara ne da watan da aka biya. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu a bakin ƙofa, ko buhun shinkafa da kayan sallah, in gardama ta tashi da wuya a iya tabbatar da su.

Saura kwana tara wa'adin ƙanena ya cika a ranar da ya zo. A daren muka shiga shafin hukumar, muka ɗora takardar haihuwar jaririn da hoton saƙonnin da shi da uwar yaran suka yi yarjejeniyar kwanan Juma'a, sannan ya buɗe manhajar bankinsa ya sa umarnin tura kuɗin ranar ɗaya ga kowane wata.